Kyamarar da Za Ka Saya wa Hafizullahi

Sabon Birni,
farkon damina.

Zuwa ga ɗana Amiru, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Shi sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Shi tsare ku daga sharrin gari mai yawan mutane, Shi sa albarka ga neman da kake yi. Mu nan gida sai godiya. An yi ruwan fari, ƙasa ta jiƙa har ta yi ƙamshi, masu saurin hannu sun riga sun jefa iri. Innarka Kadijatu tana lafiya, in ka cire ƙafar nan tata da ba ta son sanyi. Gwaggonka Laraba ma lafiya lau, bakinta bai rage komai ba. Ni kuwa gwiwoyina sun fara gardama da ni, in na ce mu tashi sai sun yi shawara tsakaninsu tukuna, amma har yanzu suna kai ni masallaci su maido ni.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke latsa waya. Na zaɓi rubutu ne saboda maganar ta ƙanenka Hafizullahi ce, kuma ba maganar da za ni tsaya a tsakar gida ina ɗaga murya a kanta ba ce, alhali yana cikin ɗaki yana ji. Zayyanu direba, mai kai dabbobi kudu, shi zai miƙa maka ita hannu da hannu. Saƙonka ya iso, na ga hotunan kyamarorin nan uku da ka turo wayar Hadiyya, matar Hafizullahi, ka ce a tambaye ni wadda ta dace. Na yi dariya da aka ce ni za a tambaya, ni da rabona da tsayawa gaban mai hoto tun na katin zaɓe. To amma ka yi daidai. Ban san kyamara ba, na dai san yaron, na kuma san ƙasar da za a fita da ita.

Bari in fara da abin da anka ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Tun da mutanen daji sunka sako Hafizullahi bara, bayan ɗaukar da sunka yi mishi a gona, jikinsa ya warke, amma ƙafarsa ba ta sake ƙetare ƙofar zaure ba. Yana cin abinci, yana salla a ɗaki, in ka gaishe shi zai amsa da ladabi. Iyakarta ke nan. Gonarsa ta hanyar Unguwar Lalle aro munka ba da ita bara. Wayar nan mai tsada da ka aiko mishi da salla, na san da zuciya ɗaya ka aiko ta, amma ba ta yi abin da ka so ba. Da wayarsa ce mutanen nan sunka riƙa kiran gida, suna kara mishi ita a baki lokacin da suke dukansa don mu ji. Ranar da anka kunna taka, tana yin ƙara sai munka neme shi munka rasa, daga baya innarka ta same shi tsugune bayan rumbu, hannuwa bisa kai. Tun ranar kowa a gidan ya kashe ƙarar wayarsa. Saboda haka tambayar da ka yi, cewa me ya sa ba za a bar shi da waya ba tunda ita ma tana ɗaukar hoto, ga amsarta nan. Kada ka zargi kanka. Mu ne ba mu gaya maka ba.

Yadda maganar kyamara ta taso kuwa, ranar sunan jaririyar maƙwabta ce. Ɗanmusa mai hoto, wanda ka sani, mai mayar da baƙi wankan tarwaɗa in an biya shi da kyau, ya shigo gaishe da innarka, ya ajiye kyamararsa bisa tabarma ya tafi alwala. Ina zaune na ga Hafizullahi ya ɗauke ta yana juyawa. Sai ya kara idonsa ga ɗan ramin nan da ake leƙawa, ya rufe ɗaya idon. Ya duba turmi, ya duba kaji. Can sai ya ɗaga ta sama, saboda shamuwa ta dawo tana gyara sheƙarta bisa tsamiyar ƙofar gida. Reshe ya tare mishi, ya matsa. Katanga ta tare mishi, ya ƙara matsawa. Amiru, ina kallonsa ya bi ta cikin zaure ya fita waje, ya tsaya tsakiyar hanya, rana tana dukan ƙeyarsa, bai sani ba. Innarka ta buɗe baki za ta yi kabbara, gwaggonka ta toshe mata shi da gefen zane. Karo na farko ke nan a zamana da Laraba da na ga ta hana wani magana don alheri.

Da ya sauke kyamarar ya ga inda yake, sai ya dawo ciki da sauri. Sai bayan la'asar na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce in ya duba waje da idanu biyu, komai yake gani lokaci guda, kowane kurmi da kowane lungu, kuma kowanne yana iya ɓoye mutum. Amma cikin ramin nan abu ɗaya ne kawai, tsuntsuwa da kara a bakinta, sauran duniya tana jira daga waje. Na tuna kakarmu, Allah Shi jiƙan ta, in tana yi muna tatsuniya ba ta taɓa sako dodanni duka a tashi ɗaya ba, ɗaya take fiddowa, sai mun gama da shi ta kawo wani, shi ya sa muke iya zama har ƙarshe. Daga nan ya ce da zai samu irinta, da ya so ya ga tsuntsayen fadama. Wannan shi ne abu na farko da ya roƙa tun dawowarsa.

To yanzu ga kyamarorinka. Ta farko, babbar baƙar nan mai dogon baki, wadda ka ce ita ce ta fi kyau kuma ita ranka ya fi so, ka bar ta a shagon mai ita. Na san abin da ke zuciyarka. Ba ka nan lokacin da abin ya faru, kana so ka aiko da abin da ya fi kowane girma. Amma ka daɗe ba ka taka dajinmu ba. Mutum tsaye a bakin gona, ya ɗaga baƙin abu mai dogon baki ya kara ga ido yana auna wani wuri, wanda ke nesa ba zai matso ya tambaya ko hoto ake ɗauka ba. Ɗan sintiri zai ga bindiga, wanda ke cikin daji ma zai ga bindiga. Kuma Ɗanmusa ya ce irinta sai an yi ta canza mata baki ana murɗe-murɗe, shi kansa da ya fara sai da ya shekara yana yanke kawunan mutane. Ɗan koyo ba ya bukatar wannan.

Ta biyu, 'yar ƙaramar nan kamar akwatin ashana da ka ce ana ɗaura ta a goshi ko a ƙirji tana ɗauka da kanta, ita ma a'a. A nan wanda ya ɗaura abu a ƙirji yana yawo, sunansa mai kai rahoto, kuma ka san abin da ake yi wa wanda anka ba wannan suna. Ban da haka, ita komai take kwasowa, gabas da yamma, shi kuwa yaron komai ɗin ne ya fi ƙarfinsa. Ta uku, siririyar mai shiga aljihu, ita ta fi kusa, har na ce a ɗauke ta. Sai Hadiyya ta nuna mini bayanta, gilashi ne shimfiɗe kamar na waya, babu ramin leƙe. Ba za ta yi ba. Ramin nan shi ne maganin, in babu shi ka sayo mishi wata waya ce da ba ta kira.

Don haka ka koma kasuwa da haƙuri. Na zaunar da Ɗanmusa ya yi mini karatu, na ba shi goro, ga abin da munka tsayar. A samu ƙarama wadda hannu ɗaya zai riƙe, mai ramin leƙe, wadda bakinta ke fitowa kaɗan in za ta jawo abu na nesa, in an kashe ta ya koma ciki. Kada ta zama baƙa ko mai launin kayan soja. Fara kamar kwanon tasa, ko ja, abin da kowa zai gani daga nesa ya san na wasa ne. A tabbata ana iya kashe ƙararta gaba ɗaya, domin ƙarar nan ta ƙyas da ta Ɗanmusa ke yi, na ga kafaɗarsa ta motsa da ya ji ta. Fitilar nan mai walƙiya ma a kashe ta tun daga shago. Ka sa mai shagon ya daidaita komai a gabanka, yadda maɓalli ɗaya kawai za a latsa. Ka haɗo da batiri na biyu, don ka san wutarmu baƙuwa ce, sai a kai ɗaya wurin masu caji da sola ana aiki da ɗaya. A sa mata katin ajiyar hoto, a samo jakar da yayyafi ba ya ratsawa. In ta hannu ce mai lafiya, babu laifi. Tsuntsu ba ya tambayar ko sabuwa ce.

Na yi nawa aikin a nan. Na je wurin mai unguwa da shugaban 'yan sintiri na gaya musu, don kada su ga yaron da abu a hannu su yi wani zato. Sun ce Allah Shi ba shi lafiya. Na kuma je rugar Illo, abokina tun muna kiwon awaki, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu da rani suna bar muna taki. Ya saurara har na gama, sannan ya ce abu ɗaya zai roƙa, kada Hafizullahi ya auna kyamara ga garken kowa, ko da na Illo ne. Ya ce a wanga zamani wanda ya ɗauki hoton shanu, masu su za su ce ƙirga su yake yi wa ɓarayi, in kuwa wani abu ya same su daga baya, babu rantsuwar da za ta wanke shi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ya ce amma balbela in ta sauka nesa da shanu, ta Allah ce, ya ɗauka. Kuma ya ce ranar da za mu fara fita zai kora garkensa ta gefen fadama, don yaron ya ga fuskar da ya sani a daji. Ni za ni raka shi, da gwiwoyin nan nawa. Tafiyata da tafiyar mai jin tsoro ba za su saɓa ba.

Abin da ya sa nake matsa maka shi ne lokaci. Yanzu ƙasa a buɗe take, mai tsaye a bakin gari yana hangen har fadama, babu abin da ya fi idon sawu tsawo. Irin wannan filin ne kawai zai iya takawa. In ruwa ya zauna, ka san gero ba ya jiran kowa. Da zarar ya kai kafaɗa hanya ta zama rami tsakanin bango biyu, mu masu lafiya ma sai mun yi addu'a muke shiga, balle wanda daga cikin gero anka fito mishi. In bai saba da waje ba kafin nan, sai bayan girbi, kuma ina tsoron wanda ya cika shekara biyu a ɗaki ɗakin ya zama gidansa har abada. Wanda munka ba aron gonar ya zo neman ta bana ma, na ce ya dakata. Ba za ni iya dakatar da shi da daɗewa ba, shi ma iyali gare shi. Kada ka tsaya neman wadda ta fi kowace. Ka ba Zayyanu ita a wannan dawowar.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka rage aiko mata da magani ka aiko da yaran su yi hutu. Gwaggonka Laraba tana gaishe da maiɗakinka. Hadiyya tana gaisuwa da godiya, yarinyar nan ta yi haƙurin da sai Allah zai biya ta. Illo ya ce a gaya maka har yanzu yana bin ka ziyara. Ka gaishe mini da ɗiyarka Zahra'u da ƙannenta, ka shafa kawunansu, ka gaishe da duk mutanen Gobir da ke tare da ku a can.

Da na gama rubutu na leƙa ɗakin Hafizullahi na ce ko yana da saƙo zuwa ga yayansa. Har na juya za ni fita. Sai ya ce a gaishe ka, kuma in da hali a samo mai igiyar ratayawa a wuya, mai ƙarfi, domin hauya da hannu biyu ake riƙe ta. Ban tambaye shi komai ba, na ce to. Ka sa igiyar.

Allah Shi yi maka albarka, Shi sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne baffanka,
Is'haƙa.