Na Zagi Sabuwar Ordinater, Yayana Ya Daina Ɗaukar Wayata

Tanti Zulaiha, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Yau kwana goma sha ɗaya yayana bai ɗauki wayata ba, kuma duk a kan ordinater ne, wato kwamfuta. Raina a ɓace nake rubuto miki, in kika ga na yi ta zuba ki yi haƙuri da ni.

Ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikata da ke unguwar Plateau a nan Yamai, aikina horar da ma'aikatan lafiya na jihohi yadda ake tattara bayanai. Shekara bakwai ina aiki da ordinater guda. Kauri gare ta, ga nauyi, har madaurin jaka biyu ta tsinka mini, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ramuka ne dama da hagu: ka soka kle, ɗan abin nan na kwasar bayanai, ka soka wayar majigi, ka soka katin kyamara, duk ta karɓa. Sau biyu batirinta na mutuwa, ina kai wa Shu'aibu mai gyara, ya kwance ƙusoshi huɗu ya sa sabo ina tsaye a kansa.

Watan jiya aka ƙara mini girma, aka ba ni shugabancin sashe. Yaya Halidu shi ne babba a ɗakinmu, itacen gini yake sayarwa a kasuwar Katako. Shi ya bar lakkwal a aji huɗu da mahaifinmu ya rasu, ya shiga kasuwa don mu ƙannensa mu ci gaba. Da ya ji labarin sai ya ba wani abokinsa mai zuwa Dubai saƙo, a sayo masa sabon samfurin irin tawa, wadda ta fi kowace tsada a kantin. Wata ranar Lahadi ya kawo mini har gida, da matarsa Anti Hawwa da yara, ya miƙo mini a gaban kowa. A nan take ya ce tsohuwar ta zama kwance, a ba 'yarsa Nana da ke shirin shiga jami'a a Damagaram. Haka muke yi a gidanmu, in sabo ya shigo tsoho ya gangara wa na ƙasa, tufa ce ko waya. Ban musa ba. Na kwashe takarduna, Nana ta tafi da ita.

Tanti, ban san wanda ya zauna ya zana wannan sabuwar na'ura ba, amma na rantse bai taɓa yin aikin yini ɗaya a Yamai ba. Sun fiƙe ta ta koma kamar faifai. Don dai a ce siririya ce suka toshe ramukan nan gaba ɗaya, suka bar wasu 'yan mitsi-mitsi guda biyu a gefe guda, ɗayan ma caji ke cinye shi. A ƙasar nan kowa da kle ɗinsa a aljihu yake yawo, da shi ake miƙa rahoto, da shi ake karɓa, to ina zan soka? Maɓallan rubutu sun haɗe ba tazara, sun kwanta, ka danna ba ka ji ka danna ba. Layin sama kuwa sun cire maɓallan sun sa wasu 'yan fitilu da ake shafawa. Ni da nake buga rubutu ba na kallon hannuna tun ina budurwa, yanzu sai in rubuta layi in goge rabi. Na kai wa Shu'aibu ya ƙara mini wurin ajiya, ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini abata, wai komai a like yake, shi ba zai ɗauki alhakin buɗe ta ba. Ga shi lokacin zafi ne, in ka ɗora ta a cinya awa guda sai ka ɗaga ba shiri.

Duk wannan da na shanye. Abin da ya ƙona mini rai shi ne taron horo na farko da na jagoranta a sabon matsayina. Mutum arba'in daga Diffa da Agadas da Tawa, ga babban darakta a kujerar gaba. Na sayi ɗan adaptater a kasuwa, abin nan da ake maƙalawa don a samu ramuka, na gwada shi da kle a gida ya yi. Muna shiga zauren ya ƙi jituwa da majigi. Aka cire, aka hura, aka mayar, bango fari fat. Elisha abokin aikina ya ara mini tasa tsohuwar, sai kuma adaptater ɗin ya ƙi karɓar kle ma, ba hanyar kwashe darasina. Minti arba'in da biyar ina tsaye gumi na bin bayana, har sai da na tura wa Elisha darasin ta waya. Kafin in fara magana darakta ya duba agogo ya fita. Matan biro, ofishinmu ke nan, suka yi ta ce mini kala suru, wato sai haƙuri, wallahi sannun nan tasu ta fi mini zagi ciwo.

Kada ki ce ban ga alherinta ba, na gani. Ranar da aka ɗauke kuran, wutar lantarki, tun ƙarfe goma har la'asar, ni kaɗai ke aiki a biro, batirinta ko gezau. Allonta tas, idona ya daina ruwa. Kafaɗata ma ta huta. Biro ya rabu biyu a kanta. Elisha na cewa duniya ta wuce zamanin kle, mu ne muka tsaya baya, shi da zai samu irinta da gudu zai karɓa. Madam Priska, ita ma abokiyar aikinmu, ta ce kayan ado ne na masu zama cikin sanyi su sha shayi. Na ce wa Elisha ya je ya faɗa wa ungozomar ƙauyen da sai ta hau tudu take samun rezon waya cewa duniya ta wuce kle.

To ga inda na kwafsa. Da yammacin ranar taron na shiga wani zaure na Facebook inda masu ordinater na Yamai ke faɗin ra'ayinsu. Na ɗauki hotonta a kan teburina, na zazzage duk abin da na faɗa miki, da Faransanci, da sunana. Na rufe da cewa duk wanda ya sayi wannan abu bai san aikin ordinater ba, kuɗi ne suka yi masa yawa, don a gani ya saya. Mutum sama da ɗari biyu suka yi sharhi, wasu na cewa gaskiyata, wasu na cewa ni ce ban waye ba. Na tsaya na yi ta mayar musu da martani har yatsuna suka gaji.

Ki kuma sani, a gidanmu in aka yi maka babbar kyauta ba a godiya ta waya. Manya biyu ko uku kake ɗauka, ku je har gidan mutum su taya ka godiya. Mijina ya sa rana, Gwaggonmu ta shirya, ni na ɗaga sau biyu. Na farko shirin taro ya hana ni, na biyu kuwa haushin na'urar ne, ban ji zan iya buɗe baki in yabe ta ba. Ke nan godiya ba ta isa wurin Yaya ba, rubutuna ya riga ta.

Yaya ba ya karanta Faransanci. Maƙwabcin rumfarsa ne ya gani, ya karanta masa yana fassarawa, a gaban mutanen da ya yi mako biyu yana ba su labarin abin da ya sayo wa ƙanwarsa. An ce miƙewa ya yi ya ci gaba da auna katako. Shekaranjiya Anti Hawwa ta zo da saƙonsa: in mayar masa da ita tunda bai san aikin ordinater ba, zai sa Nana ta aiko da tsohuwar a motar Damagaram ranar Asabar.

Ni fa ba da shi nake ba, da masu ƙera ta nake! Kuma wa ya ce ya saya bai tambaye ni ba? Da ya buga mini waya minti biyu da na faɗa masa wadda za ta yi mini. Sannan ƙarya na yi? Mijina ya ce in goge rubutun in je in durƙusa. Ban ga dalilin goge gaskiya don wani magulmaci ya kai ta kasuwa ba. Kuma in ba zan ɓoye miki ba, akwai wani lungu na zuciyata da ke murnar tsohuwar za ta dawo. Amma duk sanda na kira lambar Yaya ta yi ta ƙara har ta tsinke, sai in ji abinci ya fita raina. In mayar masa in karɓi tawa, ko yaya zan yi?

Mai Ɓacin Rai, Koira Kano

AMSAR TANTI ZULAIHA

'Yar'uwa, a kan na'urar ba zan yi miki musu ba. Na tambayi mutum biyu masu irinta, kukansu ɗaya da naki, yabonsu ma ɗaya: batiri da allo da rashin nauyi. An zana ta ne don wuraren da komai ke tafiya ta iska, mu kuwa har yanzu hannu da hannu muke miƙa aiki. Mai amfani da kaya yana da haƙƙin faɗin aibinsu. Sai dai kunyar taron nan ba na'urar kaɗai ta jawo miki ba. Mai horar da mutum arba'in tana zuwa zauren tun ana gobe ta gwada majigi, balle da sabon kayan da ba ta saba da su ba. Ki nemi adaptater mai inganci guda biyu, ɗaya ki ɗaure shi da wayar caji kada su rabu, ɗaya ya zauna a biro. Ki sayi allon maɓallai na daban don dogon rubutu, ki daina ɗora ta a cinya ko katifa. Ki ba yatsunki wata uku kafin ki yanke mata hukunci.

Yayanki ma ya yi kuskure. Kayan aiki ba turmin atamfa ba ne da za a zaɓa wa mutum a ɓoye, kuma ya raba ki da tsohuwar a gaban jama'a, inda ba ki da bakin cewa a'a. Akwai ranar da za ki faɗa masa haka cikin raha. Ba wannan makon ba ne.

Amma zancen ba da shi kike ba, ban karɓa ba. Jimlarki ta ƙarshe ba ta taɓa masu ƙera na'ura ba, mai saye ta zaga, kuma mai sayen da kika sani mutum ɗaya ne. Kin ce bai san aikin ordinater ba. Gaskiya ne bai sani ba, kuma ke da kanki kika faɗa mini dalilin da ya sa bai sani ba. Shi abin da ya iya ke nan, ya ce a ba shi wadda ta fi kowace, ta ƙanwarsa ce. Wanda ya karanta masa a kasuwa bai kyauta ba, amma bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da kika rubuta ba. Da kin kai godiya a kan lokaci, da maganar ta tarar da shi yana da abin kare ki a gaban mutane.

Kada ki mayar da sabuwar, kada ki karɓi tsohuwar. Yau ɗin nan ki kira Nana ki ce kada ta kai komai tasha, yarinya ba ta da laifin da za a ƙwace mata kayan karatu. Rubutunki kuma ba sai kin goge shi duka ba. Ki bar aibin na'urar yadda kika lissafa, ki cire jimlar nan, ki rubuta da sunanki cewa kin yi kuskure a kanta, kuma na'urar kyautar yayanki ce da kike alfahari da ita.

Sannan ki ɗauki mijinki da Gwaggo ku je gidansa. Ki bari manya su fara godiyar da aka jinkirta, ke kuma ki ba da haƙuri a taƙaice. Kada ki kawo zancen ramuka da maɓallai, ba ranarsu ba ce. Washegari da hantsi ki je Katako da na'urar a hannunki, ki gaida maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya, ki gode masa da Hausa, da muryar da za su ji, domin a can aka kunyata shi. Mai yiwuwa ya ɗaure fuska, ya ƙi kallonki. Ki zauna duk da haka, in ta kama ki sake komawa.

Ki yi wannan kafin Asabar. In motar Damagaram ta iso da tsohuwar, kin samu na'urar da kike so, amma daga ranar Yaya Halidu ba zai sake saya miki ko allura ba, kuma ba rashin kuɗi ne zai hana shi ba.

Allah ya sanyaya zuciyarsa da taki, ya sa albarka a sabon matsayinki, ya bar ku tare.

Tanti Zulaiha