Mun Yi Karama Kafin Ruwa Ya Iso

Haja Mairama, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

A unguwar Hajj Yusuf ta Khartum nake zaune. Da muka dawo gida bayan yaƙi ya lafa a wajenmu, sai muka tarar famfunan unguwa sun mutu, sai ruwan karo, amalanken jakin nan, shi ma ba kullum yake zuwa ba. Muka kafa lajna, wato kwamitin unguwa, maza da mata, aka ɗora ni a kan ɓangaren mata. Lokacin ba wanda ya san ranar da za mu ga ruwa, amma wallahi in an kira taro, gidan limaminmu Malam Ado ba ya ɗaukar mu. Mun yi ta sintiri cikin Khartum, ofis-ofis, a raksha, keken hayar nan mai taya uku, da kuma a ƙafa, har wata ƙungiyar agaji ta yarda ta ba mu bututu, da sharaɗin mu haƙa ramin da kanmu.

Ranar da mota ta sauke bututun a filin masallaci, guɗa ta ko'ina. Mijin ƙawata Bakhita ya kawo rago aka yi karama, yankan godiyar da muke yi in buƙata ta biya. Aka ci aka sha, Malam ya shafa fatiha. To Haja, tun daga ranar jiki ya mutu. Mun kira nafir, gayyar haƙa, tsofaffi ne kawai suka fito. Kowa aka tambaya sai ya ce ai ruwa ya zo, saura ƙiris, wasu za su ƙarasa. Yara na wasa a kan bututun, ni kuwa har yau bayana bai huta da jarka ba.

Yanzu ƙungiyar ta aiko cewa in damina ta faɗi ba mu haƙa ba, za su kwashe su kai wata unguwa a Umdurman da ta riga ta haƙa nata. Na faɗa a taro aka yi dariya, wai wa zai ɗauke abin da aka yi wa karama. Shi ne Bakhita ta kawo dabara: ƙaninta ya ɓoye bututun a wani kango, mu ce an kwashe, in hankali ya tashi aka haƙa sai mu fito da shi. Dabarar ta kwanta mini, kuma tsoronta nake ji. Haushin mutanena ya ishe ni. In yarda?

Mai Jarka, Hajj Yusuf

'Yar'uwa Mai Jarka,

Mutanenki ba malalata ba ne, malalaci ba ya sintirin ofis cikin zafin ranar Khartum. Halin jama'a ne: in abu yana nesa, kowa yana ganin in ya zauna ba za a samu ba, in ya matso, kowa yana ganin ko ba shi za a gama. Karama kuma a wajenmu rufe magana ce. Ban ga laifin mai rago ba, waɗanda suka sha wuya suna da haƙƙin murna. Sauri kawai aka yi.

Dabarar Bakhita za ta iya aiki, ban musa ba. Amma ki tuna inda kike. Mutanen nan sun dawo sun tarar an wawashe gidajensu. In bututu ya ɓace ba ƙungiya za su fara zarga ba, junansu za su zarga, kuma in aka ga ƙanin nan da kaya a kango, kafin ki buɗe baki an illata shi. Ki bar ta.

Wanda ya shafa fatiha shi zai sake buɗe maganar. Ki roƙi Malam Ado ya faɗa bayan Juma'a cewa karamar ta isowar bututu ce, ta ruwa tana gaba, wakilin ƙungiyar kuma ya tsaya kusa da shi ya faɗi sharaɗin da bakinsa. Masu dariyar nan, ki sa biyu ko uku a mota su je Umdurman su ga ramin waɗancan. Sannan ku daina kiran nafir na unguwa duka, a cikin taro kowa yake ɓuya. Kowane gida ya haƙa ƙofarsa, a fara da layi ɗaya. Wanda bai haƙa ba, maƙwabtansa za su riƙa tsallakawa ta gabansa kullum, ba sai kin yi magana ba.

Duk da haka kuna iya rasa bututun, ba zan ɓoye miki ba. In kun rasa shi a kan gaskiya, lajna tana nan, za ku nemo wani. In kun same shi da ƙarya, ranar da kika kira taro don makaranta ko asibiti, kowa zai zauna a gida yana jiran ki fito da abin da kika ɓoye.

Allah Ya kawo muku ruwa kafin damina, Ya hutar da bayanki.

Haja Mairama