Etar ɗinsa ta ƙone mana dawa, an ce ni ce sakarai

Gwaggo Biba, don Allah ki cece ni kafin baƙin ciki ya kar ni.

Maigidana direba ne. Shi ke jan kamiyon da ke kwaso jar dawar taimako daga Tasawa zuwa garuruwanmu na Kanan-Bakashe, tun da damina ta sake yaudarar mu. Kamiyon ya tsufa, ba ya tashi sai da lallashi. Wani makanike, Ɗan Azumi, ya ba shi wani ruwa a kwalabe wai shi etar, irin wanda ake shaƙa wa mutum a likita kafin a tsaga shi. Ɗigo kaɗan a hancin injin, sai ya tashi. Tun ranar maigida ya zama babban masani, har ya zauna yana yi wa dattawa bayani.

Ina masanin ya ga ya dace ya ajiye kwalaben? Ƙarƙashin gadona, wai kada a sace a tasha. Na ce warin yana sa ni jiri da ciwon kai, ya ce wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ta ji da muciyarta.

Ran Talata da hantsi ya tsuguna a ƙofar ɗaki yana juye etar daga babbar kwalba zuwa ƙarama. Ni ina can murhu, taku goma tsakaninmu, ina dama wa mahaifiyarsa kunu. Wallahi Gwaggo, da idona na ga wuta ta bar murhu, ta bi ƙasa da gudu har gabansa, ta faɗa ɗaki. Na watsa ruwa, ta hau kan ruwan ta ƙara yaɗuwa. Sai da maƙwabcinmu Bube ya zuba rairayi ta mutu. Rabin buhun dawa, cimakarmu ta wata guda, ya zama toka. Masani kuwa ya rasa gira da gashin baki, hannunsa ya sule.

Ya je ya gaya wa sojan da ke kula da rabon tsaba cewa sakacin matarsa ne wurin girki. Surukata tana bin bakin rijiya tana cewa na ƙone abinci a shekarar yunwa. Na yi yaji, ina gidan yayana a Mayahi. Ya aiko biko, wai in dawo, amma in ba shi haƙuri. Ni!

In na fasa ƙwai, kin san soja ba su da wasa. Za su kore shi ko su kulle shi, kamiyon ya tsaya, mutane su kwana da yunwa. In na yi shiru, sunana ya ɓaci. Ga wata tsohuwar kwalba ta rage a ɗakin, bakinta ya yi fari kamar kanwa, ta ƙi buɗuwa, maigida ya ce da ƙarfi zai murɗe ta. Yaya zan yi?

Mai zaman yaji, Mayahi

Ɗiyata, sannu da jin daɗin auren masani. Ki gaishe shi da gira.

Wutar ba da ƙafa ta je ba. Etar ba ta zama a kwalba buɗe. A zafin garinmu tafasa take yi da kanta. Tururinta ya fi iska nauyi, don haka ya kwanta ƙasa, ya rarrafa har murhunki, wuta kuma ta biyo shi gida. Ruwa ba ya kashe ta, don a kansa take yawo. Bube ya fi mijinki karatu. Jirin da kike ji kuwa, maganin barci kike shaƙa a gadonki.

Kafin maganar suna, maganar rai. Ki aika yau a ce kada kowa ya taɓa kwalbar nan mai farin baki. Etar da ta daɗe tana shan iska da haske takan tara abin da murɗa marfi kawai ke iya fasa shi. A rufe ɗakin, a kira majo, babban ma'aikacin likita, ya duba yadda za a raba ku da ita. Wadda za a yi aiki da ita nan gaba, a toshe ta da kyau, a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da murhu, fitila da sigari, da bokitin rairayi kusa. Ba a ɗakin kwana ba.

Mijinki fa ba mugu ba ne. Kamiyon da ya kamata ya huta yake ja don mutane su ci, kuma tsoro ne ya sa shi ƙarya. Amma tsoron soja bai ba shi izinin ɓuya bayan zanenki ba. Ba sai kin kai shi bariki ba. Soja ba su ne ke ɗiban ruwa a rijiya ba. Ki sa yayanki ya zaunar da shi da mahaifiyarsa, Bube na wurin, ya faɗi da bakinsa abin da yake juyewa ran Talata. Ita da ta kai labarin rijiya, ita za ta koma ta gyara shi. In an yi haka, ki koma ɗakinki. Haƙuri kuwa, ki karɓa, kada ki bayar.

Allah ya warkar da hannunsa, ya sanyaya zuciyarki, ya ba mu damina mai albarka.

Gwaggo Biba