Takalman Tahiru a Bakin Murhu

Daga Kumandan na Filinge, mai bariki da tuta, zuwa ga Habsa matar Malam Isufu, a Baleyara.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina gida, yaya ƙoƙarin gona? Yaya Malam Isufu, wanda na san shi ke karanta miki takardar nan? Malam, gyara zama, ka kwantar da hankalinka, ba maganar lanho ba ce, wato haraji, ba ta aikin dole ba. Kada kuma ku yi mamakin ganin ajami. Kumandan ba abin da bai iya ba.

Bayan haka, an kawo mini ƙara a kan ɗanki Tahiru, wanda ke hannun mahaifiyarki tun rasuwar ubansa. Kin san bara muka sa shi lekol, makarantar boko. To, malamin da ke koya musu, wanda suke ce wa mushe, yana da wani littafi na yara mai hotuna, an zana yadda kowace ƙasa ke yin sallarta. Akwai mutanen Sin da fitilun takarda, suna ɗauke da wani dogon maciji na ƙyalle. Akwai Larabawa da ragonsu, kamar mu. Kamar ku, nake nufi. Akwai kuma nasara, sun sare icce ɗanye sun shigar da shi ɗaki sun kunna masa wuta a reshe, yaransu sun jera takalma a bakin murhu. Mushe ya gaya musu wai wani tsoho mai farin gemu ne ke zuwa ya sa wa kowane yaro abin da ransa ke so a ciki.

Tun ranar, Tahiru ba ya kwanciya sai ya ajiye takalmansa a bakin murhun kakarsa. Tsohuwa ta tsince su sau ɗaya a cikin toka, ta ce wani ne ke son yi wa gidan asiri, ta sa aka yi hayaƙi. Da ta gane na jikanta ne, ta ce ga irin abin da ta guda, sun fara mayar da shi nasara ta ƙafa. Ta jefa su bayan rumbu, akuya ta cinye igiyar ɗaya. Ya ɗauko ya mayar.

Ƙanenki Manzo, yaron kirki wanda ba a yaba masa yadda ya kamata, shi ya zaunar da shi ya tambaye shi me yake jira, dabino ko riga. Yaron ya ja shi har lekol, ya roƙi mushe littafin, ya buɗe. Bai nuna iccen ba, bai nuna tsohon ba. A gefen hoton akwai wata mace zaune, ta ɗora ɗanta a cinya, fuskarta a kan tasa. Nan ya sa yatsa. Ya ce wa Manzo: “Kawu, ni uwata ko sunana ba ta sani ba. In ta aiko saƙo har jaki tana gaisarwa, ban da ni.”

Na san ɗan fari ne, na san kunyarku. Amma shi bai sani ba, kuma kwana biyun nan tuwo ma tura masa ake yi.

Saboda haka na yi umarni: ki zo Filinge sallar layyar nan. In ba ki zo ba zan aiko gardi biyu, dogaran bariki, su ɗaure gemun Malam Isufu a sirdin doki. Albarka mai raƙumi zai kawo takardar ranar kasuwa.

Ki gai da mutanen gida. Wassalam.

Kumandan.

*

Daga Kumandan, zuwa ga Habsa.

Gaisuwa da fatan kun sauka lafiya, ina gajiyar hanya. Yaya ƙugun Malam bayan raƙumin Albarka? Allah ya maimaita mana.

Na ji kin bi umarni. Na ji kuma kin zauna kin juya wa yaron baya, kina ce masa “yaron nan”, shi kuma yana laɓe a bayan turmi yana leƙen ki. Da safen salla ya tarar an ɗinke masa igiyar takalmi da sabuwar fata, ga alkaki a cikin kowace ƙafa. Inna ta rantse ba ita ba ce. Ba wanda ya ga mai yi, ni ma ban tambaya ba, amma ɗinkin karkatacce ne irin wanda na sani a rigunana tun ina ƙarami, kafin ki yi aure.

Ga abin da ba ki gani ba. Da raƙuminku ya sha kwana, Tahiru ya tsaya a ƙofar gida har ƙurar ta kwanta. Bai ci alkakin ba. Ya shigo ya tarar da Inna tana yanka nama za ta shanya, ya ce mata tsohon mai farin gemu ya cika rabi ya bar rabi, ya kawo uwarsa amma ba ta kira sunansa ba. Na zaci za ta kore shi yadda ta saba. Sai ta ajiye wuƙar ta ce: “Zo nan, mai gidana. Tunda kake, ka taɓa jin na faɗi sunan waccan ta Baleyara?” Ya yi tunani, ya girgiza kai. Ta ce: “Ita ce ta fari a wurina. Ranar da aka kai ta ɗaki ban yi rakiya ba, na shiga rumbu na ce hatsi nake aunawa. Har la'asar ban fito ba.” Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka, ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido. Ba a ko hura wuta ba.

Ke kin san da zancen rumbun nan? Ni ban sani ba.

Yaron ya zauna kusa da ita yana miƙa mata igiya. Can ya tambaya ko ke ma kina shiga rumbu a Baleyara. Inna ta ce ya tambayi Malam Isufu. Malam, ga tambaya, kai ka san amsa. Bayan nan ya ci alkaki ɗaya, ɗayan ya ba Inna. Ni da na yi wahalar kawo ki, ko gutsure.

To, Yaya, hular nan ta yi mini nauyi, bari in tuɓe. Kumandan bai san an haife ki ba. Ba shi da labarin Tahiru, balle gemun Malam. Ni ne, da tawadar allona da takardar da na roƙa wajen mushe. Kajin nan biyu da Malam ya kawo na gaisuwar bariki, na ce zan miƙa wa Kumandan, ni da Tahiru muka miƙa su. Sun yi daɗi. Malam ya yafe mini, ko ya zo ya rama, in dai zai zo da ke.

A ƙasan takardar za ki ga wani zane kamar sawun kaza. Tahiru ne ya yi, sunansa ne da baƙaƙen nasara. Ya ce tunda ba kya iya faɗa, ga shi ki ajiye. Duk gidanku ba mai iya karanta shi, har Malam, saboda haka ba wanda zai ce kin yi rashin kunya in ya gan shi a cikin kwandonki.

Inna tana gai da ta Baleyara.

Ƙanenki,
Manzo.