Kwanar da Aka Ce Iya Ta Sha

Kurudu, Abuja
Talata

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Muhyiddeen da yara. Ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Kin ce in gaya miki gaskiya, ki taso daga Katsina da tsohon cikin nan ko ki zauna. To, ni ma gaskiyar nake nema. Yau a asibitin da aka kwantar da Iyarku, Dakta Cynthia ta saurari ƙirjinta, ta dube ni ta ce "She has turned the corner," sannan ta wuce gado na gaba. Da takunkumi a fuskarta, ban ga ko murmushi take ba.

Dominic maƙwabcinmu mai tasi ya fassara mini, wai ta sha kwana. Mu dai a saninmu, wanda ya sha kwana ko zance ya sauya ko alkawari ya saɓa. Kuma kwana ba kalmar wasa ba ce a asibiti, tunda ƙarewa yake yi. Na tambaye shi dama ta yi ko hagu, ya ce Turawa ba su faɗa ba.

Sai na tafi Garki wurin Abdulmajeed ɗan baffanki, a ma'aikatarsu ta gwamnati. Ya ce nufinta an wuce wuyar, sauƙi na tafe. Ya ƙara da cewa tun da ya kama aiki, duk shekara haka suke rubutawa a kan tattalin arziki. Wannan ya fi na Dominic ɗaga mini hankali.

Ki haɗa jaka, amma kada ki shiga mota tukuna.

Mahaifinki,
Surajo

Alhamis

Fiddausi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki?

Har yanzu ban gane kwanar nan ba, kuma na ji nauyin sake tare likita. Amma da safe na kai wa Iyarku kunu. Ta kurɓa, ta ture kofin, ta ce wace ce ta dama kunu babu tsamiya. Na ce ni ne. Ta ce ai ta sani. Ta tashi zaune ba wanda ya tallafe ta, ta yi ta faɗa har masu jinyar gadon kusa suka shiga ba ta haƙuri.

Ki kwance jakarki, ki haihu a ɗakinki. Ta ce da ƙafarta za ta zo wankan jego, kuma kafin nan a nemo wanda zai raba ni da tukunyarta.

Ki gaishe da mutanen gidan.

Mahaifinki,
Surajo