Tukwanen Gindin Dutse

Lugbe, Abuja
9 ga Yuni

Zuwa ga Yayana Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zahra da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta? Mu ma nan damina ta kankama, layinmu ya koma rafi kamar kowace shekara.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Baba ya manta abubuwa da yawa, amma kunnensa na nan garau, ko ƙofa na rufe sai ya ji abin da nake faɗa a waya. Jikin da sauƙi, yana cin abinci, yana shan magani. Mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Shekaranjiya sau biyu ya kira ni da sunan marigayiya Umma, yana tambayata ko yara sun dawo daga makaranta.

Ka sha tambayata wane irin aiki ne wannan da nake yi daga gida. Kamfaninmu wasan kwamfuta yake haɗawa, ni kuma aka ba ni aikin ƙago tarihin wata al'umma, irin halittun nan da Turawa ke kira elf, masu siffar mutane amma da dogayen kunnuwa da tsawon rai. Oga ya ce ba ya son na ƙasar ƙanƙara, namu yake so. Sai na ƙago Lamarawa. A tsakanin duwatsu da kurmi suke zaune, kowannensu yakan yi shekara ɗari bakwai. Ba su da sarki, sai tsofaffin mata bakwai da ake kira Masu Sauraro, waɗanda ke kara kunne a jikin dutse su ji ruwa ko yaƙi tun bai iso ba. Ba sa sare itace sai sun kwana uku suna neman izininsa. Abokin aikina Zacharias ne ke zana su, ka ga zanen sai ka ce za su yi magana. Abu biyu ne suka gagare ni: yadda suke binne mamatansu, da dalilin ɓacewarsu, tunda a kangon garinsu wasan zai fara.

Likita ya ce a riƙa yi wa Baba hira, don haka bayan la'asar nakan fito da shi baranda in karanta masa abin da na rubuta. Da farko gyangyaɗi kawai yake yi. Ranar Talata na nuna masa zanen wata Balamariya da tulu a ka, sai ya ture wayar ya ce, "Wannan kuskure ne. A kafaɗa suke ɗauka. Kai shi ne sarkin jiki, ba sa ɗora masa kaya."

Na yi dariya, na ɗauka ya haɗa su da matan Gbagyi, 'yan asalin yankin nan, da muke gani a hanya da kaya a kafaɗa. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce rafin da na sa a yamma da babban dutse a gabas yake. Ya ce a gindin dutsen suke binne mamatansu, kowane kabari da tukunya a kife, an huda gindinta don mamaci ya san damina ta sauka. Na rubuta duka, na tura ofis, Oga har kirana ya yi yana yabo.

Sai dai, Yaya, ba irin muryar mai tatsuniya ba ce. Bai ko yi murmushi ba. Yana magana yana naɗe wani abu da hannu a iska, kamar yadda yake naɗe igiyar awo lokacin muna yara.

Ka gaida kowa da kowa. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Ihsan

Lugbe, Abuja
28 ga Yuni

Yayana Murtala,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Yanzu Baba da kansa yake neman karatun. Tun azahar yake tambaya ko lokaci ya yi. Ranar Alhamis na ce masa, cikin wasa, "Baba, tunda ka san su haka, me ya ɓatar da Lamarawa?" Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo ya ce, "Ba ɓacewa suka yi ba. Motoci aka kawo, aka kwashe su."

Daga nan ya ba ni labari tiryan-tiryan, babu tuntuɓe, irin yadda rabon da in ji ya yi magana tun kafin ciwon. Wani ƙauyen Gbagyi ne mai suna Nyabape. Lokacin yana matashin ma'aikacin awo a wani kamfanin da aka ba aikin hanya, farkon gina garin nan. Dattawan ƙauyen sun yarda su tashi, da sharaɗi ɗaya: a kwashe musu mamatansu a kai sabon wurin. Baba aka tura ya shigar da kaburburan a taswira. Ya wuni a gindin dutse da wata tsohuwa, tana nuna tukwanen da sanda tana faɗin sunan mai kowace. Arba'in da biyu. Ya yi mata alkawari da bakinsa.

Da ya koma, babban nasa ya ce in kabari ya bayyana a taswira aiki zai tsaya wata da watanni, kuma akwai masu awo da yawa da ke neman gurbinsa. Lokacin Umma na da cikinka. Baba ya goge abin da ya zana, ya rubuta fili. Kwana biyu da kwashe mutanen aka kawo katafila, yana tsaye a wurin.

Ya ce da ni, "Ihsan, kin taɓa jin ƙarar tukunya a ƙarƙashin katafila?" Rabon da ya kira sunana daidai ya fi sati uku.

Ya ce akwai wani saurayi, Obadiah, da bai fi wata uku da binne mahaifiyarsa ba. Ya dawo daga sabon wurin a ƙafa don ya ga yadda za a kwashe ta, ya tarar an gama. Ya bi motar su Baba da gudu yana dukan gilashi, direba bai tsaya ba.

Na so in ce ciwo ne ke magana. Washegari da hantsi na buɗe tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe, na sami kwafin taswirar. Ga dutsen, ga rafin a gabas. A gindin dutsen takardar ta yi laushi saboda gugar abin gogewa, kuma in ka ɗaga ta a rana za ka ga sawun ƙananan da'irori a jere.

Tun daga ranar ba ni da sukuni. Baba kan dakata a tsakiyar cin abinci ya karkata kai ya ce, "Kin ji?" Ni kuwa ba na jin komai. Amma ranar Asabar ina cikin cunkoso a hanyar filin jirgi, wata tipa ta juye tsakuwa a gefen titi, sai ƙarar ta yi mini kama da fashewar tukwane har na kasa tuƙi. Ita ce hanyar da su Baba suka auna, kuma kullum a kanta muke wucewa, Yaya. A kanta muka kai Umma asibiti.

Na faɗa wa Zacharias komai, don shi Gbagyi ne, kuma da hannunsa ya zana tukwanen nan yana murna. Ya ce zai tambayi dattawan cocinsu.

Ka faɗa mini abin da kake gani. Ni kaina ya kulle.

Taka,
Ihsan

Lugbe, Abuja
21 ga Yuli

Yaya Murtala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan aiki na tafiya daidai.

Na ga saƙonka. Ka ce in daina karanta masa, in mayar da taswirar inda take, kada in tona asirin mahaifinmu a lokacin da ba zai iya kare kansa ba. Na fahimce ka, kuma na gwada. Kwana huɗu ban karanta ba. Ya daina cin abinci, ya zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa yana cewa akwai inda ake jiransa. Ka yafe mini, ban bi maganarka ba.

Zacharias ya gano Obadiah. Yana raye, yana noman doya a Karshi. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci muka je, ni da Baba da Zacharias. Muka tarar da Obadiah, dattijo dogo, furfura ta cika kansa, yana zaune a gindin mangwaro. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu, idonsa a kan Baba.

Ya ce, "Ba sai kin faɗa ba, 'yata. Mai awo ne. Na san shi."

Baba ya yi ƙoƙarin durƙusawa, gwiwa ta ƙi. Na riƙe shi. Ya ce, "Ni ne na goge." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Baba Obadiah bai yi faɗa ba, bai kuma ce mu zauna ba. Ya shiga ɗaki ya sako hula ya fito, ya ce, "Shekara arba'in da wani abu ina wucewa wurin, ban gane komai. Sun fasa dutse, sun rufe rafi. Kai ka auna. Muje ka nuna mini uwata."

Muka shiga mota. Baba, wanda a gida sai na nuna masa ƙofar banɗaki, shi ya riƙa ce mini bi nan, juya can. Muka tsaya a bayan wani rukunin shaguna da ke gefen titi. Rabin dutsen na nan, an rubuta lambar masu haƙa rijiya a jikinsa. Baba ya jingina bayansa da shi, ya dubi rana, ya fara taku yana ƙirgawa a hankali. Muka bi shi tsakanin motoci. Ya tsaya a wurin masu wankin mota, ruwan sabulu na gudu a kan daɓe, ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Layi na uku, ta biyu daga ƙarshe. Tukunyarta sabuwa ce, ja."

Baba Obadiah ya cire hula, ya durƙusa a cikin ruwan nan da kayan cocinsa, ya dafa daɓen da tafin hannu biyu. Ya yi ta magana da yarensu ƙasa-ƙasa. Masu wanki suka kashe injinsu. Mai gadi ya taho da niyyar korarmu, da ya ga abin da ke faruwa sai ya koma ya ɗauko wa Baba kujera.

Da Baba Obadiah ya tashi, Baba ya ce masa, "Ka yafe mini."

Baba Obadiah ya ce, "Na uwata na yafe, don ka kawo ni. Amma saura arba'in da ɗaya, Mai awo. Ba ni na haife su ba, ba su suka haife ni ba. Suna da 'ya'ya, suna da jikoki. Wasu na Karshi, wasu na Kuje, wasu ban san inda suka shiga ba. Tsohuwar da ta faɗa maka sunaye ta mutu a shekarar da aka kwashe mu. Mu da muka rage kowa nasa kawai ya riƙe, wasu ma sun tafi da nasu. Kai kaɗai ka ji su a jere. Ka kawo sunaye, ni zan kai ka gida-gida."

Washegari na kira Oga na ce a cire tukwanen daga wasan, ba nawa ba ne da zan bayar. Bai ji daɗi ba, amma Zacharias ya riga ya goge zanen. Lamarawa za su nemi wata hanyar binne nasu.

Matsalar ita ce, in na tambayi Baba sunayen kai tsaye sai ya rikice, har ya yi kuka. Ba sa zuwa sai ina karanta masa labarin Lamarawa. Ina cikin zancen Masu Sauraro ko kurmin da ba a sarewa, sai ya katse ni ya faɗi suna, da layin da mai shi yake kwance, wani lokaci har da abin da tsohuwar ta ce ya kashe shi. Don haka kullum nake ƙago sabon babi, ba don ofis ba, don shi. Wata rana suna biyu, wata rana ko ɗaya babu. Mun je gida biyar. Uku sun yafe. Wata mata ta rufe mana ƙofa, kuma ban ga laifinta ba. Wani bai ma san an taɓa binne kakansa a can ba, ya bi mu har wurin da 'ya'yansa.

Likita ya ce abin na sauri fiye da yadda ya zata. Ka nemi hutu ka zo, Yaya. Ba zan iya tuƙi da riƙe shi da rubutu ni kaɗai ba, kuma ina so ya gan ka tun yana iya gane ka.

Yau da safe ya ba ni suna na ashirin da huɗu. Ina gama rubutawa ya kama hannuna, ya dube ni da ladabi irin na baƙo, ya tambaye ni 'yar wane ce ni a cikin masu kaburburan, don ya nemi gafarata. Na ce na yafe.

Muna jiranka.

Ƙanwarka,
Ihsan Datti