Ƙugiyar Abdou ba ta shiga ambulan

Saint-Denis, 21 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Nassim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Raliatou da 'yar jikata Aya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yarinyar. Mu nan sai godiya. 'Yata Halimatou tana leƙo ni ranar Lahadi idan aiki ya bar ta, sauran kwana shida kuwa ni da rediyo ne. Ƙafafu sun kumbura, asansar ɗin gidanmu, na'urar hawa bene, ya sake tsayawa, hawa huɗu nake sauka ina hutawa a kowane bene. Ban faɗa don ka ji tausayina ba. Tausayin nan naku shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin in na kira ka a waya za ka yi ta cewa "to Baffa, to Baffa" har fushina ya huce ban gama magana ba.

Saƙonka ya iso ranar Talatar makon jiya. Na buɗe kwali na tarar da kifayen roba guda shida, ja da kore da ruwan azurfa, da wasu cokulan ƙarfe masu walƙiya, kowanne da ƙugiya uku a gindi. Na karanta 'yar takardar da ka sa a ciki. Ka ce za ka tafi Kanada da abokan aikinka a mako na biyu na Satumba, kamun wani babban kifin kogi, somon da suke kira shinuk. Ka ce in duba maka, a matsayina na tsohon masunci, ko waɗannan kifayen ƙarya za ka dogara da su ko koto na gaske. A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa kamar abin da aka tuna a bakin ƙofa, ka ce in sa maka ƙugiyar mahaifinka a ambulan in aiko ta gidan waya, kana so ka tafi da ita don sa'a.

Nassim, mako na biyu na Satumba! Shekara goma sha ɗaya ke nan tun rasuwar ƙanena Abdou, mahaifinka, babu shekarar da ban hau jirgin ƙasa na zo Lyon a wannan mako ba. Ka tarye ni a tasha, mu kwana gidanka a Bron, da safe mu sauka bakin kogin Saône ƙarƙashin bishiyar nan da ta sunkuya kan ruwa, inda shi da ni muke zama. Ka manta ne, ko ka tuna ka ce tsoho ba zai lura ba? Da mantuwa ce da na yafe. Amma ranar Lahadi na matsa wa Halimatou, ta faɗa mini gaskiya. Ta ce kun yi magana tun watan Yuni, ka ce mata Baffa ya yi rauni, gangaren kogi ya fi ƙarfinsa, gara a bar shi ya huta bana. Ku biyu kuka zauna kuka yanke mini hutu, ni mai ƙafafun ba a tambaye ni ba. Wata biyu ina kiwon tana a akwati a baranda, ina zuba musu ɗiɗɗigar kofi da ɓawon dankali, ina rufe su da tsumma mai laima saboda zafi, ita tana kallona alhali ta san an fasa tafiyar. Har ta ce mini ko in zubar da su a lambun ƙasa tunda suna jawo ƙuda. Sai yanzu na gane dalili.

Duk da haka ka yi tambaya, kuma ban taɓa barin tambayar kamun kifi ba amsa ba. Ban san kifin nan naka ba, a garinmu Gaya ba mu da shi. Na ja ƙafa na je ɗakin karatu na unguwa, wata mata ta nemo mini littafi, na zauna da tabarau har azahar. Ga abin da na fahimta. Kifin nan a teku yake girma, in ya shigo kogi ya daina cin abinci, hanyar inda aka ƙyanƙyashe shi kawai yake nema. Idan ya cafki cokalinka ba yunwa ba ce, haushi ne, ka dame shi da walƙiya a gaban ido. Saboda haka inda ruwa yake garau yana gudu, jefa ƙarfenka, ka yi ta ba shi haushi har ya kai masa cizo. Inda ruwa ya yi laka, ko rami mai zurfi da kifi ke kwanciya ya huta, ba zai ga kwalliyar robarka ba, hanci ne ke aiki. Nan sai koto, kuma sun ce ƙwan kifin da aka gyara da gishiri ya fi komai. Ka fara tambayar mutanen wurin, don akwai kogunan da aka hana koto. In ni ne, koto zan ɗauka. Mai koto yana zama wuri ɗaya, ya san ruwansa, ya jira. Mai roba yawo yake yi, ya jefa nan ya jefa can, in bai samu ba ya ce kogin ne ba kyau. Kifayenka kuma na mayar da su kwali. Ɗaya ya riga ya yi kamu, ya shige mini babban yatsa, sai da maƙwabciya ta cire da almakashi. Ka gaya wa abokanka suna aiki, sun kama tsoho mai shekara saba'in da tara.

Yanzu maganar ƙugiya, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Ka san ba ta kanti ba ce. Maƙerin gidanmu ya ƙera wa kakanka ita, da ita ya kama giwan ruwan da mutum biyu suka ɗauka a sanda. Kakanka ya ba Abdou, ba ni ba, ko da yake ni ne babba, don ni na tafi lakwal karatun boko, shi ya zauna a jirgin kamun kifi. A gidanmu ƙugiyar gado ba a aika ta, ba a ajiye wa mutum ita a kan tebur. A bakin ruwa ake bayarwa, hannu da hannu, ƙafafun mai bayarwa da na mai karɓa duk a jiƙe, sannan mai karɓa ya sa mata koto da kansa ya jefa, kifin farko ya zama na wanda ya ba shi. Abdou yana kwance a asibiti ya danƙa mini ita ajiya, ya ce in riƙe maka har ranar da na ga ka iya zama awa uku ba ka taɓa waya ba. Bara na ga haka, na ce a raina bana zan ba ka. Shi ne kake cewa in liƙa mata tambari kamar takardar kuɗin wuta! Ka ɗauka laya ce da ake ratayawa don sa'a?

Abin da Halimatou ba ta gaya maka ba, don ni na hana ta, likita ya sa mini ranar aikin zuciya, shida ga Oktoba. Ya ce ko an yi nasara, gangara da hawa sun ƙare mini. Ka ga ashe kun yi gaskiya, na yi rauni. Amma raunin nan shi ne dalilin zuwa bana, ku kuka mai da shi dalilin fasawa. Kanada tana nan baɗi, kifinta ma yana nan.

To ga abin da na yanke, ni ma ban tambaye ku ba. Na sa an yankar mini tikiti. Ranar Asabar goma sha uku ga Satumba zan sauka Lyon, ba sai ka tarye ni ba, na san motar da ke zuwa. Da hantsi ina ƙarƙashin bishiyar da gwangwanin tanata, ko da rarrafe zan sauka. In ka zo, ka cire takalmi ka shigo ruwa ka karɓi kayan ubanka. In ba ka zo ba, ka san abin da ake yi wa ƙugiyar da ba ta da magaji: zan sa mata koto, in jefa, in yanke zaren. Ban taɓa ganin an yi haka a gidanmu ba, kuma ba na so a fara a hannuna.

Ka gaida Raliatou, ka ce mata ba da ita nake ba, na san da ta ji da ta hana ka. Ka sumbaci Aya, ka gaya mata tanar da ta sa wa suna bara ta yi jikoki. Halimatou tana gaishe ku, ko da yake kwana uku ke nan ba na amsa mata waya. Allah ya shirye ka, ya yi maka albarka duk da haka.

Ni ne baffanka, wan mahaifinka,
Maikano